Tsofaffin shirye-shiryen almara na talabijin: dalilin da ya sa wasu ke kyauta, wasu ke kulle, wasu kuma suka ɓata

Duk wanda ya taɓa neman tsofaffin shirye-shiryen talabijin marasa kala a intanet zai lura da wani abu mai ɗaure kai. Shirin One Step Beyond, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1959, yana nan birjik a YouTube, kashi bayan kashi, babu mai cewa uffan. The Twilight Zone ma a shekarar ya fito, amma idan wani ya ɗora cikakken kashinsa ba a daɗewa ake sauke shi, mai son gani sai ya biya ko ya bi ta kafar da masu shi suka yarda. Shi kuwa Out of the Unknown na BBC, wanda ya zo bayansu da shekara shida, fiye da rabinsa babu shi a ko'ina, ko da mutum zai zube kuɗi.

Abu biyu suka ƙara ruɗa jama'a. Duk ranar 1 ga Janairu kafofin labarai kan sanar da cewa wasu tsofaffin ayyuka sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, kamar yadda aka yi a 2024 da fim ɗin Mickey Mouse na 1928, sai a ɗauka duk abin da ya tsufa ya zama na kowa. Sannan karɓuwar Black Mirror, shirin zamani mai irin wannan salo, wanda Netflix ya saki zangonsa na bakwai a Afrilun 2025, ta sa ana tono magabatansa, ana yanko gutsattsarinsu ana yaɗawa da cewa sun hango zamaninmu tun shekara sittin baya. Dukkan tambayoyin nan suna komawa ga wanda ya biya kuɗin shirin, da abin da ya yarda a faɗa a ciki, da kuma wanda ya damu ya adana shi.

## Wane irin shiri ake nufi

Shiri mai dogon zango, irin wanda aka saba, mutanensa ba sa canzawa. Jarumin jiya shi ne na yau, rigimar da aka bari makon da ya wuce ita za a ɗora a kai. Waɗannan da muke magana a kansu kowane mako sabon labari ne, da sababbin 'yan wasa da sabon wuri, ya fara ya ƙare cikin minti 25 ko 50. Abin da ke riƙe da shirin sunansa ne da kiɗan buɗewa da mai gabatarwa, wanda kan fito ya shigar da mai kallo cikin labarin, ya dawo a ƙarshe ya fitar da shi. Tsarin ya yi kama da na tatsuniya: mai bayarwa ɗaya ce, "ga ta nan ga ta nanku" da "ƙurunƙus" ba sa sauyawa, amma abin da ke tsakaninsu kowane dare daban.

Labaran iri biyu ne, ko da yake sukan cakuɗe. Akwai almarar kimiyya, inda abin mamakin ke da wani dalili da aka jingina ga bincike, kamar kumbo ko mutum-mutumi ko halittun wata duniya. A Science Fiction Theatre, wanda aka yi daga 1955 zuwa 1957, mai gabatarwa Truman Bradley yakan fara da ɗan gwaji a ɗakin bincike kafin labarin ya soma. Akwai kuma labaran al'ajabi, na fatalwa da mafarkin da ya tabbata da cinikin rai da Shaiɗan, inda ba a neman dalili.

A nan akwai bambancin da ya kamata mai kallo ya riƙe. One Step Beyond, wanda John Newland ke gabatarwa, ya yi iƙirarin cewa labaransa sun faru da gaske. The Twilight Zone bai taɓa cewa haka ba, tun daga jawabin buɗewa yake shaida wa mai kallo cewa fagen tunani ne aka shiga. Aljani ko mala'ikan da ya fito a cikinsa kayan aikin marubuci ne, an kawo shi ne don a matsa wa wani ɗan adam lamba a ga halinsa.

## Zamanin da ake yi kai tsaye

Rediyo ne ya haifi salon. Lights Out ya fara a rediyo a Chicago a 1934, ya koma talabijin a ƙarshen shekarun 1940. A 1950 gida tara cikin ɗari ne ke da talabijin a Amurka. Zuwa 1960 sun kusa kai casa'in cikin ɗari. Tashoshi na neman abin cika lokaci, kamfanonin fim na Hollywood kuwa da farko sun ƙi ba su sababbin finafinai, sai aka koma ga marubutan wasan dandamali da 'yan wasan New York.

Galibin shirye-shiryen farko kai tsaye ake yin su, kuskuren da aka yi ya tafi ke nan. An fi tuna abin da ya faru a Tales of Tomorrow a 1952, lokacin da Lon Chaney ƙarami ya fito a matsayin dodon Frankenstein. Bisa ga dukkan alamu ya ɗauka gwaji ake yi, don haka kujerun da ya kamata ya farfasa sai ya riƙa ɗaga su yana ajiyewa a hankali, yana tanadinsu don ainihin wasan, alhali ana kallonsa a gidaje. Abin da ya sa har yau ake iya ganin wannan shi ne wata dabara ta wancan lokaci: a kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin ta ɗauki abin da ke fita. Hoton yakan fito dishi-dishi, kuma ba kowane kashi aka ɗauka ba. Kaset ɗin bidiyo na tashoshi sai a 1956 kamfanin Ampex ya fito da shi.

## Almakashin mai ɗaukar nauyi

A shekarun 1950 kamfani ɗaya ne ke sayen shiri sukutum, har sunansa ake saka wa shirin. One Step Beyond da sunan kamfanin alminiyam na Alcoa ya fito. Akwai shirin kamfanin ƙarfe na U.S. Steel, akwai na kamfanin abinci na Kraft. Wakilan talla na waɗannan kamfanoni su ke karanta rubutun kafin a ɗauka, kuma abin da suka soke ya soku.

Wasu gyare-gyaren na kasuwanci ne zalla. A wasan Requiem for a Heavyweight na 1956 an cire inda wani ke tambayar ashana, saboda cikin masu ɗaukar nauyi akwai kamfanin Ronson mai yin laita. Wasu kuwa sun fi haka muni. A 1959 aka nuna wasa a kan shari'ar 'yan Nazi a Nuremberg, aka kashe sautin kalmar gas inda ake maganar ɗakunan da aka hallaka Yahudawa, domin ƙungiyar masu sayar da iskar gas na cikin masu biyan kuɗin shirin.

Marubucin Requiem for a Heavyweight, Rod Serling, shi ne ya fi kowa cin karo da wannan almakashi. An haife shi a 1924, ya yi yaƙin duniya na biyu a Filifin cikin sojojin lema, ya yi suna a 1955 da wasan Patterns. A watan Agustan shekarar aka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a jihar Mississippi. Masu taya alƙali hukunci, waɗanda dukkansu fararen fata ne, suka wanke mutum biyun da ake tuhuma, su kuma bayan 'yan watanni suka amsa laifin a wata mujalla, da yake doka ba ta yarda a sake yi musu shari'a ba. Serling ya rubuta wasa a kan garin da ya rufa wa mai kisa asiri, mai suna Noon on Doomsday, don shirin U.S. Steel. Da labari ya fita, ƙungiyoyin fararen fata na kudancin ƙasar suka yi barazanar ƙaurace wa kayan kamfanin. Aka ɗauke labarin daga kudu aka kai shi yankin New England, wanda aka kashe ya zama wani baƙo da ba a faɗi asalinsa ba. Serling ya ce har kwalaben Coca-Cola aka kwashe daga wurin ɗauka don kada su tuna wa mutane kudu. Ya sake gwadawa a 1958 da A Town Has Turned to Dust, aka mayar da labarin shekarun 1870, mamacin ya zama ɗan Meziko.

Daga nan ya sauya hanya. Ya lura cewa maganar da aka hana ɗan majalisa ko ɗan sanda faɗa a wasa, idan aka sa ta a bakin halittar wata duniya babu mai tankawa, domin wakilin talla ba ya ganin abokin cinikinsa a cikinta. Hannunka mai sanda ke nan. The Twilight Zone ya fara a tashar CBS ranar 2 ga Oktoba 1959, ya yi zango biyar da kashi 156, Serling ya rubuta 92 daga ciki. Charles Beaumont da Richard Matheson su ne suka fi rubuta sauran. Wannan karon kamfanin Serling ne ke shirya shi, yana da kaso a mallakarsa, yana da ta cewa a kan rubutu.

## Abin da aka lulluɓe a cikin labaran

Kashin The Monsters Are Due on Maple Street, na ranar 4 ga Maris 1960, ya isa misali. Unguwa ce ta masu rufin asiri, yammacin Asabar, wani haske ya gifta a sama, sai wuta ta ɗauke, tarho ya mutu, motoci suka ƙi tashi. Wani yaro ya ce ya karanta a littafin zane cewa halittun sama kan turo wasu iyalai masu kama da mutane su zauna a gari kafin a kawo hari. Aka yi masa dariya, amma maganar ta zauna. Motar wani ta tashi da kanta, nan take wata maƙwabciya ta tuna cewa takan gan shi da tsakar dare yana kallon sama. Wani kuma aka tuna yana da wata na'urar rediyo a ɗakin ƙasa da babu wanda ya taɓa gani. Da duhu ya yi, aka hango mutum yana tahowa, wani ya harbe shi, ashe maƙwabcinsu ne da ya je duba ko layin gaba na da wuta. A ƙarshe kyamara ta ja baya zuwa kan tudu, inda baƙin na gaske ke zaune suna kunna wuta suna kashewa, ɗaya na shaida wa ɗaya cewa iya abin da ake buƙata ke nan, sauran aikin mutanen za su yi da hannunsu.

Mai kallo na 1960 ya san inda aka dosa. Shekara goma kafin nan aka buga wani ɗan littafi mai suna Red Channels da sunayen mutum 151 na rediyo da talabijin da ake zargi da kwaminisanci, da yawansu suka rasa aiki ba tare da shari'a ba. Sanata Joseph McCarthy ya yi shekaru yana nuna mutane da yatsa kafin majalisar dattawa ta tsawata masa a Disambar 1954. Ba a ambaci kwaminisanci ko sau ɗaya a kashin ba.

The Shelter, wani kashin The Twilight Zone, ya fi shi kusa da labaran ranar. A ranar 25 ga Yuli 1961 Shugaba Kennedy ya yi jawabi a kan rikicin Berlin, ya yi maganar tanadin mafaka daga bom ɗin nukiliya, a watan Agusta kuma aka fara gina katangar Berlin. A ƙarshen Satumba aka nuna labarin wani likita da ya gina ɗakin ɓuya na mutum uku, maƙwabta suna yi masa ba'a. Ana tsakiyar walimar zagayowar ranar haihuwarsa rediyo ta ba da sanarwar abubuwan da ke tahowa ta sama. Mutanen da suka gama yabonsa su ne suka zo suka ɓalle ƙofar ɗakin da ƙarfi, suna gorin asali a tsakaninsu. Ƙofa na faɗuwa aka sanar cewa taurarin ɗan adam ne. Babu aljani ko dodo a wannan kashi sam.

The Outer Limits, wanda ya fara a tashar ABC a 1963 ƙarƙashin Leslie Stevens da Joseph Stefano, ya yi kashi 49. Tashar ta so a riƙa ganin dodo kowane mako, marubutan kuma suka riƙa ba ta dodon suna shigar da nasu zancen. A The Architects of Fear, wanda ya zo ƙasa da shekara ɗaya bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, wasu masana ne suka yi wa ɗayansu tiyata suka mai da shi halittar sama, da fatan tsoronsa zai haɗa kan ƙasashe. Dabarar ta wargaje, mutumin ya mutu a banza.

## Batun hango gaba

Gutsattsarin da ke yawo da sunan hasashe suna buƙatar taka-tsantsan. A The Twilight Zone akwai kashin The Brain Center at Whipple's na 1964, inda mai masana'anta ya kori ma'aikata ya sa na'ura, daga baya shi ma aka maye gurbinsa da mutum-mutumi. Wannan fargabar ranar ce, har gwamnatin Shugaba Johnson ta kafa kwamiti a kan injina da ayyukan yi a shekarar. The Machine Stops, wanda BBC ta nuna a 1966, yana nuna mutane zaune kowa a ɗakinsa a ƙarƙashin ƙasa suna magana ta allo, kuma labarin da aka ɗauko shi E. M. Forster ya rubuta shi tun 1909. Waɗannan sun dace da yau domin matsalar ta daɗe, ba a warware ta ba.

Waɗanda ba su dace ba kuwa ba a yanko su. Kashin Steel na The Twilight Zone, na 1963, ya nuna shekarar 1974 bayan an haramta wa mutane damben boksin, sai mutum-mutumi ke yi. A ainihin 1974 Muhammad Ali da George Foreman ne suka kara a Kinshasa, duniya na kallo.

## Inda masana suka saɓa

Tun kafin The Twilight Zone ya fara an tuhumi Serling da ja da baya. A wata hira ta 1959 ɗan jarida Mike Wallace ya tambaye shi ko ya haƙura da rubuta abu mai muhimmanci a talabijin ne. Serling ya amsa cewa ya gaji da faɗa da masu ɗaukar nauyi, kuma ba zai tsoma hannu cikin matsalolin ranar ba. Masu kare shi na cewa wannan amsa ma dabara ce, don kada a farga, kuma hujjarsu ita ce abin da ya biyo baya: kashi a kan sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi a Dachau a 1961, shekarar da ake shari'ar jami'in Nazi Adolf Eichmann, da kashi a kan sabon ɗan Nazi a Amurka a 1963, da The Big Tall Wish na 1960 wanda manyan 'yan wasansa baƙar fata ne, a labarin da bai shafi launi ba, abin da ba a saba gani a lokacin ba. Shugaban hukumar sadarwa ta Amurka Newton Minow, a jawabinsa na Mayun 1961 da ya caccaki talabijin, ya sa shirin cikin 'yan kaɗan da ya yaba.

Masu suka na da magana mai nauyi. Sun ce habaici na da wani rauni: kowa na ganin da maƙwabcinsa ake. Wanda ya goyi bayan McCarthy zai iya kallon labarin unguwar nan ya ce ai ga shi, baƙin na gaske suna kan tudu, ashe akwai maƙiyi. Sunan Emmett Till dai bai taɓa fitowa ba. Suna kuma nuna cewa mata a yawancin labaran matan gida ne ko sakatarori, cewa jawabin rufewa kan zama wa'azin da labarin bai buƙata, kuma cewa dogaro da juyin ƙarshe ya sa wasu kashin ba su da komai sai shi. Serling da kansa ya yarda cewa wani kaso na abin da ya rubuta bai yi kyau ba, abin da ba zai ba da mamaki ba ga mai rubutu da irin wannan gaggawa.

Akwai kuma inda shirin ya yi tuntuɓe da kansa. The Encounter na 1964, wanda George Takei ya fito a ciki, ya ƙunshi zancen cewa wani Ba'amurke ɗan asalin Japan ya taimaka wa sojojin Japan da suka kai hari sansanin Amurka na Pearl Harbor, abin da babu shaidar ya taɓa faruwa, kuma irin zargin da aka fake da shi aka tsare dubban irinsu a sansanoni lokacin yaƙi. An janye kashin daga maimaici a Amurka har 2016.

Idan aka auna, ɓangarorin biyu ba su rushe juna ba. Mayafin habaicin ya sa maganar ta isa gidaje miliyoyi, shi ne kuma ya rage mata kaifi. Rashin ambaton suna ne ma ya ba ta tsawon rai. Da aka sake yin labarin unguwar a 2003, sai aka cire baƙin sama aka sa jami'an gwamnati masu gwada yadda tsoron ta'addanci ke wargaza jama'a, sauran labarin bai buƙaci gyara sosai ba.

## Yadda salon ya dushe

Kuɗi ne. Sabon labari kowane mako na nufin sabon wurin ɗauka da sababbin kaya, ga shi babu jarumin da mai kallo zai shaƙu da shi ya dawo dominsa. Bayan badaƙalar shirye-shiryen kacici-kacici ta ƙarshen shekarun 1950, tashoshi suka karɓe iko daga kamfani ɗaya suka koma sayar da talla gutsi-gutsi, sai yawan masu kallo ya zama alƙali. CBS ta taɓa sa a ɗauki kashi shida na The Twilight Zone da kaset maimakon fim don rage kashe kuɗi, kuma har yau ana gane su da rashin kyan hoto. Shirin ya tsaya a 1964, The Outer Limits a Janairun 1965. Da Star Trek ya zo a 1966 irin tambayoyin nan ya ɗauka, amma da mutane na dindindin, kuma manyan 'yan wasansa William Shatner da Leonard Nimoy duk sun fito a waɗancan shirye-shirye biyu. An farfaɗo da The Twilight Zone a 1985 da 2002 da 2019, babu wanda ya kai na asali daɗewa.

## Wa ke da su yanzu

Tsohuwar dokar Amurka ta ba da kariyar shekara 28, sai mai abu ya sake rajista a shekarar ƙarshe ya samu ƙari. Wanda ya manta, aikinsa ya zama na jama'a. Wannan sharaɗi ya shafi abin da aka fitar kafin 1964, domin a 1992 aka mai da sabuntawar ta zama kai tsaye ga na bayan nan, a 1998 kuma aka tsawaita wa'adin zuwa shekara 95. Kashi da yawa na One Step Beyond ba a sabunta musu ba, shi ya sa kowa ke kwafa yana sayarwa, yawanci daga tsofaffin kwafi masu dusashe. The Twilight Zone kuwa Serling ya sayar wa CBS kasonsa bayan an tsayar da shirin, bai zaci maimaici zai yi riba haka ba, ya rasu a 1975 yana da shekara 50. CBS, wadda yanzu ke ƙarƙashin Paramount, ba ta yi sakaci da takardunta ba. A lissafin shekara 95, zangon da aka fara a 1959 sai 2055 zai soma fita.

Na Birtaniya matsalarsa daban. Kaset mai faɗin inci biyu yana da tsada, ana iya goge shi a sake amfani da shi, yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaici, da talabijin mai kala ya zo kuma aka ga marasa kala ba su da sauran kasuwa. BBC ta yi ta gogewa har 1978. Cikin kashi 49 na Out of the Unknown, 20 suka tsira. Out of This World na 1962, wanda Boris Karloff ya gabatar a tashar kasuwanci, kashi ɗaya tak ya rage.

Abin da ake samowa yawanci kwafin fim ne da aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje ba su mayar ba. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na Doctor Who, shirin BBC mai dogon zango, waɗanda aka ɗauka sun ɓata, a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos. Masu neman sauran har yau suna bin sawun tashoshin Afirka da suka sayi shirye-shiryen BBC a wancan zamani.

## Abin da ya shafi mai kallo da mai sana'a

Mai kallo kawai ba shi da damuwa da yawa, illa ya san cewa tashar da ke ɗora kashin da ke da mai shi za ta iya ɓacewa dare ɗaya, kuma shafukan da ke alƙawarin saukewa kyauta su ne matattarar manhajojin cuta. Turancin waɗannan shirye-shirye a hankali ake yinsa, kashi bai wuce rabin awa ba, don haka ba sa cin data sosai. Gutsattsarin da ke yawo kuwa sau da yawa ƙarshen labarin ne, wanda ya gan su an rage masa daɗin kallo.

Masu fassara finafinai zuwa Hausa da masu tashoshin YouTube su ne ya kamata su lura. Kasancewar abu na jama'a a Amurka bai sa ya zama haka ko'ina ba, kowace ƙasa da dokarta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba fim kariyar shekara 50, amma rubutaccen aiki da kiɗa sai shekara 70 bayan mutuwar mai su, don haka hoton na iya fita alhali labarin ko kiɗan da ke cikinsa na nan da mai shi. Fassara da ɗora murya suna cikin abubuwan da sai da izini. YouTube kuma na'ura ce ke tantance masa, tana iya toshe bidiyo ko ta karkatar da kuɗin tallarsa ga mai iƙirari kafin wani ɗan adam ya duba.

Marubuci na da sarari fiye da haka, domin doka ba ta kare ra'ayi tsurarsa, yadda aka zuba shi take karewa. Kowa na iya rubuta labarin unguwar da zargi ya cinye, muddin mutanensa da maganganunsa da tsarinsa nasa ne. Iyakar dai ba kullum take a fili ba. Da fim ɗin The Terminator ya fito a 1984, marubuci Harlan Ellison ya ce an ɗebo daga Soldier, kashin da ya rubuta wa The Outer Limits shekara ashirin kafin nan, a kan sojan da aka jefo daga zamani mai zuwa. Daraktan fim ɗin James Cameron bai yarda ba, amma kamfanonin suka sasanta ba tare da an je gaban alƙali ba, suka biya Ellison, aka kuma ƙara sunansa a jerin sunayen ƙarshen fim ɗin a kwafin da aka fitar daga baya.